Wai tunda kotu a buɗe take, ka iya ɗaukar bidiyo?

Jama'a akwai wani kuskure da nake yawan ji a arewacin Kamaru, a Garwa, har a Marwa ma, wai tunda zaman kotu a bainar jama'a ake yi to kowa na iya ciro wayarsa ya ɗauki bidiyo ko ya naɗi murya ya tura ma 'yan uwa a WhatsApp. A'a wallahi, ba haka bane. Buɗe ƙofa na nufin ka shiga ka zauna ka saurara da kunnenka, shi ke nan.

Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a 2005 ta fara aiki a 2007, ta hana amfani da na'urar naɗar murya da kyamara a zauren shari'a, wanda ya yi kuwa ana iya hukunta shi kuma a ƙwace na'urar, to wayar taka ai kyamara ce rikoda ce duk a haɗe, kar ka ce ai ni ba ɗan jarida bane. Shugaban kotun kaɗai ke da ikon bada izini, shi ma sai ya faɗi dalili.

Ni dai ina ganin hikimar abun a fili take. Shaida da ya san fuskarsa za ta zaga unguwa kafin la'asar ba zai saki baki ba, wanda ake tuhuma kuma ba a ma tabbatar da laifinsa ba an riga an gama da shi a Facebook. In za ka raka ɗan uwa tiribinal, wato kotu, kashe wayar tun daga bakin ƙofa ka jefa aljihu.