Jirgin mutum ɗaya: wa zai yi sallama daga sama?

A daminar 2022, da kogin Haɗeja ya cika ya batse ya yanke hanyoyi a yankin Auyo da Kafin Hausa, kwana huɗu na yi a garinmu ban samu fita ba. Mota ba ta shigowa, babur kuwa sai an cicciɓa shi an ɗora a kwale-kwale. Wata yamma muna zaune a rumfar mai cajin waya, ɗan ƙanena ya miƙo min tasa wayar, gilashinta duk ya tsattsage. Wani Bature ne zaune cikin wani abu kamar kejin kaji mai farfela, ya ɗaga sama ya bi ta kan itatuwa yana sheƙa gudu. Yaron ya ce, "Baffa, da kana da wannan ai da tuni kana Kano."

Ban musa masa ba, don ni ma abin ya shiga raina. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da mai naƙuda ana jiran kwale-kwale ya dawo daga wancan ƙetaren, ba sai an yi masa bayanin daɗin tashi sama ba. Kuma sha'awar ba baƙuwa ba ce a nan. Jiragen sama na farko da suka sauka a Najeriya a Kano suka sauka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, ya sa masa injin Honda Civic, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Mutane sun yi dariya, amma sun yi cincirindo sun je kallo.

Abin da yaron ya nuna min sunansa Jetson ONE, wani kamfanin Suwidin ne yake ƙera shi. Nauyinsa kilo 86, injinan lantarki takwas gare shi, mutum ɗaya yake ɗauka, kuma mutumin kada ya wuce kilo 95. Yana gudun kilomita 102 a awa, amma batirinsa minti 20 kawai yake yi a sama. Wato in ka tashi daga Kano, ko Wudil ba za ka kai ba sai ka nemi wurin sauka, balle a yi zancen Haɗeja. Kuɗinsa ya fara a dala 92,000, daga baya ya koma 128,000. In aka lissafa dala a naira 1,500, kusan miliyan 190 ke nan, albashin sama da shekara 200 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000. Akwai jirage irinsa da suka fi shi girma. Hukumar jiragen saman Chaina ta ba wa kamfanin EHang takardar amincewa a Oktoba 2023 kan wani mai ɗaukar mutum biyu ba tare da matuƙi ba. Wasu kamfanonin kuma sun ci kuɗin masu zuba jari sun durƙushe: Lilium da Volocopter na Jamus duk sun shiga halin karayar jari a ƙarshen 2024, bayan Volocopter ya kasa cika burinsa na ɗaukar fasinja a gasar Olamfik ta Faris.

Tsada ba ta dame ni ba. Wayar hannu ma da ta zo a 2001 sai wane da wane, yau ga ta a aljihun mai kiwon awaki. Kuma muna da masu kuɗin da miliyan 190 ba za ta hana su barci ba. Ranar da ɗan wani Alhaji ya ga ɗan wani Alhajin ya sauka da shi a wurin ɗaurin aure, an gama. Abin da ya dame ni shi ne duk tallan da ake yi, da wanda ke cikin kujerar ake magana. An sa masa lema da za ta buɗe in abu ya lalace, an ce ko inji ɗaya ya mutu sauran za su riƙe shi. Madalla. Shi dai ya ga haɗarin ya ce ya ji ya gani. Matar da ke surfe a tsakar gida a ƙarƙashinsa fa, wa ya tambaye ta?

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A harkar jirgi ba haka take ba, kuma mutanen Gwammaja shaida ne. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya rikito cikin unguwa. Sama da mutum 100 suka rasu, kuma da yawansu ba su sayi tikiti ba, suna cikin gidajensu ne da rana tsaka. Wannan fa jirgi ne mai ƙwararrun matuƙa, mai injiniyoyi, mai hasumiyar da ke ba shi umarni. Shi kuwa wannan ƙaramin, a Amurka ko lasisin tuƙi ba a nema kafin a hau shi, saboda rashin nauyinsa. Amma ko su da suka sassauta, dokarsu ta hana a bi da irinsa ta kan cunkoson gidaje ko taron jama'a, ta kuma taƙaita shi ga hasken rana. A nan wa zai hana? Ango ne zai fasa zagaya kan 'yan ɗaurin aure, ko ɗan takara ne zai ƙi shawagi a kan 'yan jagaliyarsa?

Sai kuma halinmu da inji, wanda duk mun sani ba sai an ɓoye ba. Mu mutanen "a lallaɓa" ne. Bakanike ya ce ƙarfen nan ya gaji, mai babur ya ce a ɗaure da waya zuwa ranar kasuwa. Hakan yana tafiya ne saboda ƙasa tana da gefen hanya: mota ta mutu a tura, babur ya mutu a gungura shi zuwa inuwa. Sama ba ta da gefe. Kuma wanda ya saba ɗora mutum huɗu da buhun shinkafa a kan babur ɗaya, da wuya ka gamsar da shi cewa kilo 95 na nufin kilo 95. Kwale-kwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, ya tafi da ɗaliban Islamiyya da ke hanyar Mauludi, lodi ne ya yi masa yawa. Ga hazon hunturu da ke hana manyan jirage sauka a Kano, ga ƙurar da ke shiga kowane inji, ga zafin bazara da ke cin batir, ga garken jan-baki da ke rufe sama a fadamun Haɗeja idan shinkafa ta nuna. Wanda ya zana jirgin a Turai bai taɓa ganin jan-baki ba.

Idan kuma ya faɗo, ba a nan abin zai tsaya ba. Batirin litiyam in ya kama da wuta yana da wuyar kashewa, yakan mutu ya sake tashi. Mu kuwa wurin da abu ya faɗi muke rugawa, wasu don ceto, wasu don kallo, wasu don talauci ya kai su bango. Ba na son tono ciwon Majiya, amma daren 15 ga Oktoba 2024 da tankar mai ta kife a can ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 da suka rasu ba a cikin motar suke ba. Allah ya jiƙansu.

Akwai wata asarar da ba jini a cikinta, kuma ita ce ban taɓa jin masu tallan sun ambata ba. Gidan Bahaushe katanga ce ta kewaye shi, sama a buɗe take. A tsakar gida ake girki, ake kitso, ake shan iska da ɗaurin ƙirji lokacin zafi. Makewayi a ƙauye yawanci ba rufi. Duk suturar gidan ta dogara ne da cewa ba mai leƙowa daga sama. Shi ya sa a garinmu in magini zai hau soro yin yaɓe kafin damina, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya, "Za a hau sama!" har sau uku, ya dakata mata su kimtsa. Mai kaɗar dabino ma haka. Ba hukuma ce ta sa su ba, kunya ce da sanin haƙƙin maƙwabci. To mutumin da ya taso daga wani gari yana gudun kilomita ɗari, da kyamara a goshin hularsa, gida nawa zai yi wa sallama?

Maganar tsaro ba sai na ja ta ba. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaba ɗaukar fasinja a birni, don an ga abin da babur ke iya zama a hannun mugu. Babur ke nan, wanda shinge ke tsayarwa.

Kada a ce ina ƙin ci gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma akwai rawar da ta yi kyau. Tun 2016 kamfanin Zipline yake kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da ƙananan jirage marasa matuƙi, ya shiga Gana a 2019, ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022. Ma'aikacin asibiti ya aika saƙo, jirgin ya zo ya sako kwali da 'yar lema ya juya. Ba ya ɗaukar kowa, hanyarsa sananniya ce, akwai wanda za a kama in ya yi ɓarna. Mai naƙudar da ke bakin ruwa a Auyo, jakar jini da allurar tsayar da zubar jini take buƙata su iso inda take, don ko an ba ta Jetson kyauta kujera ɗaya ce, ba mai riƙe ta. In gwamnatocin Kano da Jigawa suna da kuɗin kashewa a sama, nan ya kamata su zuba, bayan sun gyara gadojin da ruwa ke cinyewa duk shekara.

Hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Najeriya tun 2016 ta ce ko jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Je ka wurin bikin masu hali ka ƙirga masu ɗaukar hoto daga sama, ka tambayi nawa ne ke da takardar. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin na farko ya iso tashar jiragen ruwa ta Legas ya kamata a rubuta cewa ba lasisi ba tashi, ba bi ta kan gari ko kasuwa ko makaranta, kuma dole mai shi ya yi inshorar da za ta biya na ƙasa, ba shi kaɗai ba.

A rumfar cajin nan, wayar ta zaga hannu-hannu har ta kai ga Kawu, wanda ya haura saba'in kuma ruwa ya riga ya cinye masa rabin gona a shekarar. Ya kalla sau biyu, ya matso da ita kusa da ido, sannan ya mayar wa yaron. Ya ce in shanu suka shiga gona ya san ƙofar mai unguwa, za a turo mutane su kimanta ɓarna, makiyayi ya biya. "To wannan in ya faɗo min a kan gero, gidan wa zan je?"

Yaron ya ce ai yana da lema. Kawu ya ce shi geron yake tambaya.