Kurar da ba ta tayar da ƙura

Duk wanda ya ce muku saka abin da aka ƙera a kwamfuta a cikin bidiyon gaske wasa ne, ku turo shi gidanmu ya gana da Kaka.

Wani bature na gani a YouTube ya saka dodo a tsakar gidansu cikin 'yan mintoci, yana yi yana kurɓar shayi. Na ce to da me ya fi ni? Blender, manhajar da ake wannan aikin da ita, kyauta ce, data kawai za ka ƙona, ga laftop ɗina ɗan gwanjo wanda in ya ɗau zafi za ka iya soya ƙwai a kai. Nan take na ƙudurta sai kura ta shigo tsakar gidanmu ta zagaya Auta, daƙiƙa 10 kacal, daga nan kuma sai Kannywood su fara nemana a waya.

Tunda kurar za ta bi ta bayansa, dole a yanko Auta daga hoton, shi ne amfanin koren ƙyalle, saboda kore ya yi nesa da launin fatar mutum, sai ka ce wa kwamfuta duk abin da yake kore ta share. Na shiga Kwari neman yadi biyar, mai shago ya yi ta zuga ni wai babban mutum kamata ai sai shadda, ni kuma kai ya kumbura na biya. Ashe shadda ƙyalli take, ta dinga feso kore a kunnuwan yaro. Shi kuma gogan da aka ce ya yi kwalliya sai ga shi da rigar Super Eagles, ni ko a jikina. Ina danna share sai ga kan Auta yana lilo a sama ba kunne, ƙafafu a ƙasa suna gudu, tsakiya kuwa ƙofar ɗakin Kaka kake hangowa.

Muka sake ɗauka da farar riga, bayan na biya shi kuɗin awara.

Sai batun tirakin, nan ne na san ban san komai ba. Da hannu na riƙe waya, to dole kwamfuta ta gane yadda wayar ta motsa, in ba haka ba kurar ba za ta tsaya wuri ɗaya a ƙasa ba. Tana bukatar aƙalla ɗigo 8 da ba sa motsi ta bi su daga farko har ƙarshe. Tsakar gidanmu kuwa siminti ne sumul. Dabarar da ta zo min, na ɗebo masara na jera a ƙasa. Ni da kaina, da hankalina, a gidan da ake kiwon zabi. Kafin in ce a fara sun yi sama da rabi, kuma da na ce wa manhajar ta nemo ɗigo da kanta, ta duba ta ga zabuwa duk jikinta ɗigo-ɗigo ne fari tas, ai sai ta ce abin nema ya samu. Ta liƙe wa zabuwa. Duk inda zabuwa ta nufa nan kurata take zamewa a gicciye kamar an zuba mata miyar kuɓewa a ƙasa. Lambar da manhajar ke auna kuskuren tirakin da ita, wadda ake so ta sauko ƙasa da 1, tawa 14 ta nuna.

Kwana uku ina cire ɗigo daga jikin zabi, sannan na kunna renda, wato kwamfuta ta fitar da kammalallen bidiyon hoto bayan hoto. Hoto 30 ne a kowace daƙiƙa, wato 300 ke nan, kowanne laftop ɗina sai ya yi minti 4 yana nishi, awa 20 cif. Yana kan na 281 aka ɗauke wuta, batirin kuwa tun bara ya riga mu gidan gaskiya. Kuma a dunƙule na ce ya ajiye a matsayin bidiyo maimakon hoto ɗai-ɗai da zan iya ɗorawa daga inda ya tsaya, komai ya tafi. Ban yi kuka ba, idona ne dai ya yi ruwa. Zagaye na biyu da janareton maƙwabci aka yi, man kuma daga aljihuna.

Ranar nuni na tara gida kaf. Kaka ta gyara zama ta matso da fuska, ta ce a maimaita, aka maimaita har sau uku.

"Kai mai gidan, wannan ba kura ba ce."

Na ce haba amarya, ki duba dai da kyau.

"A ƙauye na tashi, ni za ka nuna wa kura? Ga inuwar Auta can ta miƙe gabas tunda la'asar ce, ita ina tata? Shi rana ta yi masa ja, ita fes kamar an fito da ita daga wanka. Ta taka ƙasa ba ƙura. Sannan kura ta shigo gida zabina suna kiwo hankali kwance?"

Wallahi duk abin da baturen nan ya faɗa a bidiyo na biyu, wanda na tsallake don tattalin data, shi ta jero min. Sai dai ita ta yanke hukuncin cewa abin da ba shi da inuwa kuma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sunansa sananne ne, mutanen ɓoye ne wayata ta kamo. Kafin magariba an turara habbatussauda a kowane lungu, an yi wa Auta tofi, laftop kuma an ce ba zai ƙara kwana a cikin gida ba.

Don in wanke kaina na koma zaure na koyi yadda ake shimfiɗa wani faifai da ba a gani, inuwa kawai yake kamawa, na kai ranar kwamfuta yamma na rage mata haske, har ƙura na zuba. Abin da na manta, fitilar da Blender ke buɗewa da ita tana nan ban goge ba. Bayan wasu awa 20 na kawo mata ina taƙama.

Ta duba, ta ja baya ta dafe ƙirji. "Inuwa biyu? La'ilaha illallahu, ya kirawo ɗan'uwansa! Auta, miƙo min kaskon nan."