Maki huɗu da rayuwar naƙasassun Birtaniya

Ranar 18 ga Maris, 2025, Liz Kendall, wadda a lokacin ita ce ministar ayyuka da fansho ta Birtaniya, ta miƙe a zauren Majalisar Dokoki ta bayyana shirin gwamnatin Keir Starmer na rage kusan fam biliyan 5 a shekara daga tallafin marasa lafiya da naƙasassu nan da 2030. Tun daga ranar miliyoyin mutane suka shiga zullumi. Daga baya gwamnatin ta janye sashen da ya fi yi wa jama'a ciwo, amma da sauran rina a kaba. A ganina kuma tun daga tushe aka gina shirin a karkace: an fara yanke yawan kuɗin da ake son ragewa, sannan aka shiga neman mutanen da za a cire domin lissafin ya cika.

Tallafin da ake magana a kai shi ne PIP, kuɗin da ake bai wa naƙasassu da masu doguwar jinya, wanda aka ƙirƙiro a 2013, kuma kimanin mutum miliyan 3.7 ke karɓarsa a Ingila da Wales a farkon 2025. Kashi biyu ne: na hidimar yau da kullum, da na zirga-zirga. Ana tantance mutum da maki, ana duba yadda yake girki, cin abinci, wanka, shiga banɗaki, sa tufafi da sauransu. Wanda ya tara maki 8 yana samun ƙaramin mataki, fam 73.90 a mako bisa farashin 2025, mai maki 12 kuma fam 110.40. Sabon sharaɗin da aka so kawowa daga Nuwamban 2026 gajere ne a takarda: dole sai mutum ya samu maki 4 a aƙalla abu guda, in ba haka ba ya rasa kason hidimar yau da kullum gaba ɗaya.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah mai shekara 58 da amosanin gaɓɓai ya ci hannuwanta da gwiwoyinta. Ba ta iya tsayuwa gaban murhu sai a kan kujera, maki 2. Sai an yanka mata nama ƙanana kafin ta ci, maki 2. 'Yarta ce ke wanke mata gashi da ƙafafu, maki 2. A banɗaki sai ta kama ƙarfen da aka kafa mata a bango kafin ta tashi, maki 2. Safa da takalmi da wando sai an sa mata, maki 2. Jimilla maki 10 ke nan, ta wuce takwas ɗin da ake nema. Amma a sabon tsarin ko sisi ba za ta samu daga wannan kason ba, domin babu inda ta kai huɗu. Fam 3,800 da 'yan kai sun tafi a shekara. Asarar kuma ba ta tsaya a kanta ba, domin alawus ɗin masu jinya, fam 83.30 a mako bisa farashin 2025 da ake bai wa wanda ke kula da naƙasasshe aƙalla awa 35 a mako, a jikin wannan kason yake rataye. Uwa ta rasa, 'yar da ta rage aikinta domin jinya ita ma ta rasa. Abin da ya fi ba ni takaici a ma'aunin shi ne, wanda ake taimaka wa ya wanke daga kafaɗa zuwa kugu yana da maki 4, wanda ake wanke wa daga kugu zuwa ƙasa maki 2. A kan irin wannan layin aka so a raba mai ci da mai kwana da yunwa.

Ba 'yan adawa suka ƙirga waɗanda abin zai shafa ba, gwamnatin ce da kanta. Binciken da ta fitar ya nuna kimanin mutum 800,000 za su rasa kason, kowanne fam 4,500 a shekara idan aka daidaita, masu jinya kusan 150,000 za su rasa nasu, sannan ƙarin mutum 250,000 za su faɗa talauci, 50,000 daga cikinsu yara.

Gwamnati tana da hujjarta, kuma ba zan ce ta banza ba ce. Kuɗin tallafin rashin lafiya da naƙasa na masu shekarun aiki yana hauhawa tun bayan annobar korona, ana hasashen zai kai fam biliyan 70 a shekara kafin ƙarshen wannan zangon majalisa. Kusan mutum miliyan 2.8 ba sa aiki saboda doguwar jinya, matasa masu lalurar ƙwaƙwalwa kuma suna ƙaruwa a cikinsu. Duk gwamnatin da ta kau da kai daga wannan ta yi sakaci. Alƙawarin fam biliyan 1 na taimaka wa mutane komawa aiki, da na barin mutum ya gwada aiki ba tare da fargabar a sake tantance shi nan take ba, abubuwa ne masu kyau.

Sai dai hujjar komawa aiki ba ta hau kan PIP ba. Wannan tallafi ba ruwansa da ko kana aiki ko ba ka yi, ba a kuma duba albashinka. An yi shi ne domin ƙarin tsadar da naƙasa ke jawowa: kuɗin tasi ga wanda ba ya iya hawa bas, ɗumama ɗaki dare da rana a hunturun Ingila, wutar cajin keken guragu, wanki kullum ga mai yoyon fitsari. Ƙungiyar Scope mai kare haƙƙin naƙasassu ta ƙiyasta wannan ƙarin ya haura fam 1,000 a wata ga gidan da ke da naƙasasshe. Akwai masu aiki da dama da PIP ne ke kai su wurin aikin ya dawo da su. Idan aka ƙwace shi, gida za su koma. Wanda kuma ke jiran a yi masa aikin ƙugu a layin asibitocin gwamnati na NHS, layin da ya haura miliyan 7 a Ingila, rage masa kuɗi ba zai miƙar da shi ba.

Abin da ya tabbatar mini cewa baitulmali ne ke jan akalar shi ne abin da ya faru mako guda bayan sanarwar. Ofishin sa ido kan kasafi, OBR, ya ce ragin bai kai adadin da aka faɗa ba. Kafin jawabinta na 26 ga Maris, ministar kuɗi Rachel Reeves ta ƙara wasu ragin domin cike giɓin. A cikin kwana takwas ɗin nan babu abin da ya sauya a jikin naƙasasshe ko ɗaya.

'Yan majalisar Labour, jam'iyyar Starmer, sun ji koken mazaɓunsu. Vicky Foxcroft ta ajiye muƙaminta na mai tsawatarwa, sama da 120 suka sa hannu kan buƙatar 'yar uwarsu Meg Hillier ta dakatar da ƙudirin. Ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawara, ƙaramin minista Stephen Timms ya sanar da cire sharaɗin maki huɗu har sai ya kammala bitar tsarin PIP tare da naƙasassu, a ƙarshe-ƙarshen 2026. Ƙudirin ya wuce da ƙuri'a 335 da 260, duk da haka 'yan Labour 49 suka ƙi shi.

Na san wani mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce, su da ma ake ba su wani abu. Gaskiya ne, a wajenmu dangi da maƙwabta ke ɗaukar nauyin da hukuma ta bari. Amma a can haya da wuta da gas ba sa jiran kowa, kuma da yawa su kaɗai suke zaune a ɗaki. 'Yan uwanmu da ke aikin kula da tsofaffi da naƙasassu a can sun san ambulan ruwan ƙasa da wasiƙun tallafi ke zuwa a ciki. Akwai masu barin ta kwana biyu a kan tebur ba su buɗe ba, sai wani ya zo ya zauna kusa da su. Tsoron yana da dalili, domin kusan kashi biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da ake saurara a kotun ɗaukaka ƙara, mai ƙara ne ke yin nasara, bayan watanni yana jira ba kuɗin. Ma'aunin da ake yawan rushe hukuncinsa haka gyara yake buƙata tun kafin a yi maganar tsananta shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan bitar Timms za ta yi amfani, sai an bar naƙasassun sun yi magana ba tare da an riga an rubuta adadin ragin a wata takarda ba.

Wani ɓangaren kuma ya riga ya zama doka. A tsarin Universal Credit, tallafin marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, an rage ƙarin da ake bai wa wanda rashin lafiya ya hana aiki daga kusan fam 97 zuwa fam 50 a mako ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026. An ɗan ƙara kuɗin da kowa ke samu, an kuma keɓe masu cutar ajali da masu lalura mai tsanani ta har abada. Sauran fa, maƙwabta biyu da hatsarin mota iri ɗaya ya kwantar, ɗaya ya nema a watan Maris, ɗaya a watan Mayu, za su riƙa karɓar kuɗin da tazararsu ta kusan kai fam 2,500 a shekara, alhali kanti ɗaya suke sayayya.