Kafin a karanta wa ma'aikaci Gita, a fara karanta wa maigida

Masana harkar gudanarwa a Indiya sun daɗe suna tono tsohon ilimin halayyar ɗan Adam na ƙasarsu suna shigo da shi ofis. A 1992 Farfesa S. K. Chakraborty ya kafa cibiya musamman don wannan a makarantar koyon gudanarwa ta IIM da ke Kalkata, inda ake koya wa manajoji kwantar da hankali kafin yanke hukunci. Ni abin ya burge ni ƙwarai, amma ina da magana a kai.

Abin da na fi so shi ne batun ɗabi'u uku da suka ce suna cuɗe a cikin kowa: sattva, wato natsuwa da hasken tunani; rajas, zafin nema da rashin zama wuri ɗaya; sai tamas, kasala da mutuwar zuciya. Babu wanda aka halitta da guda ɗaya tak, rinjaye ne ke sauyawa. Ka ɗauki akawun da a da yake riga kowa zuwa, yanzu sai ƙarfe goma yake shigowa, ya zauna ya zuba wa kwamfuta ido, fayil na taruwa a gabansa. Wani manaja takardar gargaɗi zai miƙa masa. Wanda ya fahimci wannan ilimi zai ja kujera ya tambaye shi, "Malam, me ya faru?" Wataƙila wata uku ke nan yana aikin mutum biyu ba ko sannu. Jai B. P. Sinha, masani daga Patna, ya yi bayanin irin wannan shugaba tun 1980: mai kula da na ƙasa kamar uba, amma ba ya sassauta wa aiki.

Inda nake jin tsoro shi ne koyarwar Bhagavad Gita, littafi mai tsarki na addinin Hindu, da ke cewa mutum ya yi aikinsa ba tare da rataya zuciya ga sakamako ba. Wa aka faɗa wa wannan? Arjuna, ɗan sarki, mai iko da makami a hannu. Ashe shugaba ne ya kamata ya rage kwaɗayin riba da yabo. Idan aka juya ta kan leburan da albashinsa bai shigo ba, wallahi an zalunce shi. Kuma Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin Indiya, ya nuna yadda aka yi amfani da kalmar "aikin da aka haife ka a kai" wajen danne waɗanda tsarin gado na Indiya ya ajiye a matakin ƙasa, don haka ba komai na gargajiya ake kwasowa ba.

Indiya ma ta ga fuskokin biyu. Kamfanin ƙarfe na Tata ya mayar da aiki awa 8 a rana tun 1912, kafin doka ta tilasta. A 2023 kuwa Narayana Murthy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin manhajar kwamfuta na Infosys da ke birnin Bangalore, ya nemi matasa su riƙa yin awa 70 a mako. Ku raba wannan a kwana shida, kusan awa 12 ke nan kullum, ban da cunkoson hanyar Bangalore safe da yamma. Wace natsuwa za a nema wajen mutumin da ke fita 'ya'yansa na barci, ya dawo ya tarar sun yi barci?