Lissafin da Aka Aro Daga Fiziks Bai San Tsoron Ɗan Kasuwa Ba

A shekarar 1900 wani ɗalibi Bafaranshe, Louis Bachelier, ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Paris kan yadda farashi ke hawa da sauka a kasuwar kuɗi. Bayan shekara 5, Albert Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke yawo cikin ruwa ba alƙibla. Zumuncin fiziks da harkar kuɗi ya samo asali daga nan, kuma har yau manyan bankuna na ɗaukar masana lissafi da kwamfuta su tsara musu hasashe. Ban ƙi zumuncin ba. Abin da nake ƙi shi ne a jingina da shi a ɗebo bashin da ya fi ƙarfin mutum.

Kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management ya isa misali. John Meriwether ya kafa shi a Amurka, ya fara aiki a 1994, kuma cikin abokan harkarsa akwai Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Nobel a 1997 saboda lissafin ƙayyade farashin wasu yarjejeniyoyin kasuwa. Dabararsu ita ce su nemo takardun bashi biyu masu kama da juna da farashinsu ya ɗan bambanta, su sayi mai araha su sayar da mai tsada, su jira gibin ya rufe. Ribar kowane ciniki ƴar kaɗan ce, don haka sai da bashi mai yawa. A farkon 1998 jarinsu bai kai dala biliyan 5 ba, amma kadarar da suke juyawa ta haura biliyan 120.

Ƙididdigarsu ta nuna cewa hasara a ƙasashe daban-daban ba za ta zo lokaci guda ba. Sai Rasha ta kasa biyan bashinta ranar 17 ga Agusta 1998. Masu kuɗi a ko'ina suka firgita, kowa ya ruga sayen takardun gwamnatin Amurka, maimakon gibin ya rufe sai ya ƙara buɗewa a kowace kasuwa. Cikin ƴan watanni kamfanin ya yi hasarar dala biliyan 4.6, har sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara manyan cibiyoyin kuɗi 14 suka zuba kimanin biliyan 3.6.

A ganina, tushen matsalar na nan: ƙwayar da ke yawo cikin ruwa ba ta san ana lissafa ta ba, ba ta jin tsoro, ba ta kwaikwayon maƙwabciyarta. Ɗan kasuwa kuwa duk yana yi. Wanda ya taɓa ganin yadda jita-jita ke motsa farashin hatsi a Dawanau ya san haka. Abokan hamayyar kamfanin sun riga sun kwaikwayi dabararsa, da wuta ta tashi duk suka nufi ƙofa ɗaya.

Kuma ba a rasa gargaɗi ba. Tun 1963 masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya bincika farashin auduga, ya nuna cewa manyan girgiza na faruwa fiye da yadda lissafin da aka saba ke zato. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a wuni guda.

Wasu kan ce to a watsar da lissafin gaba ɗaya. Wannan ban yarda ba. Da shi ake hasashen damina, da shi kamfanin inshora ke sanin abin da zai tanada. Wanda ya yar da shi ya koma cankin zuci, kuma cankin zuci ya fi shi ɓarna. Gyaran yana hannun hukumomin da ke sa ido, su kafa iyakar bashi wadda ba ta dogara da hasashen kowa ba.

Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da ake kira Basel na uku sun yi hakan ga bankuna: jarin banki kada ya gaza kashi 3 cikin ɗari na abin da yake juyawa. Mataki ne mai kyau, amma ya yi kaɗan ƙwarai. Jarin kamfanin Meriwether a farkon 1998 ya kusa kashi 4, bai kuwa kai ƙarshen shekarar da ƙafarsa ba. Ya kamata a ɗaga adadin sosai, a kuma faɗaɗa shi ya shafi manyan kamfanonin zuba jari da ke cin bashi a hannun bankunan.