An hana daudu a fim, an bar dukan ɗan daudu

A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta finafinan da ke nuna daba da daudu. Aka yi ta sa albarka, aka ce tarbiyya ta samu gata. To ka shiga shagon mai caji a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko a Maigatari ranar Alhamis, ka miƙa masa memori ka ce ya cika maka da barkwanci. Da wuya ka rasa wannan labari a ciki: saurayi ya ɗaura zani, ya rufa da niƙabi, ya maƙale murya. Wani Alhaji ya gani ya mato, yana zuwa zance, yana sakin kuɗi. Ranar da asiri ya tonu Alhaji ya dafe ciki yana kakarin amai, samarin unguwa su fito da gora. Dukan shi ne ƙarshen wasan, kuma a nan ne aka shirya ka fi yin dariya.

Wannan dukan ne ya hana ni sakat. Hukuma ta ga zanin, ba ta ga gorar ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu shirya waɗannan gajerun bidiyo suna ji kamar su suka ƙirƙiro labarin, alhali kwashe shi suka yi daga wurin mutanen da suke cewa suna ɓata mana tarbiyya. A fim ɗin The Crying Game na 1992, namiji ya kamu da son wata mace, da ya gano da halittar namiji aka haife ta sai ya kai mata hannu, ya ruga banɗaki yana amai. Bayan shekara biyu Ace Ventura na Amurka ya mayar da wannan aman abin dariya, har da taron 'yan sanda suna ta tofar da yawu. A finafinan Indiya da muka tashi muna kallo, irin waɗannan mutane ko dai masu tafi ne da ake shigowa da su don raha, ko kuma mugaye, kamar Maharani mai gidan karuwai a fim ɗin Sadak na 1991. Shekara da shekaru, mace mai sauya jinsi idan ta shiga labarin soyayya matsayi ɗaya ake ba ta, na mayaudariya. Namijin da ya so ta kuwa shi ne abin tausayi, duk abin da ya yi mata bayan haka an yafe masa tun kafin ya ɗaga hannu.

Can inda abin ya fito an fara yi masa tambayoyi. Fim ɗin ƙasar Chile mai suna A Fantastic Woman, wanda ya ci kyautar Oscar a 2018, ya juya labarin gaba ɗaya. A cikinsa, mutumin da ke son wata mace mai sauya jinsi ya san ko wace ce ita, babu wanda ya yaudari wani. Da ya mutu, danginsa suka kore ta daga gidan, suka hana ta zuwa jana'iza, 'yan sanda suka riƙa kallonta kamar ita ta kashe shi. Ba sai ka yarda da rayuwarta ba kafin ka gane cewa an zalunci mai makoki. Mu kuwa sai yanzu muke ɗauko tsohon yayin da suka fara zubarwa, muna sa masa hula da babbar riga.

Na san ɗan daudu daban, mai sauya jinsi daban, mata-maza kuma wani abu ne na halitta da likita ke gani. Amma yaron da ke riƙe da waya a gindin bishiya a wani ƙauye na Ringim ko Gaya ba ya wannan rarrabewa, fim ɗin ma bai koya masa ba. Abin da ya koya shi ne duk namijin da muryarsa ta yi laushi ko tafiyarsa ta yi rangwaɗa maƙaryaci ne mai ɗana wa maza tarko, kuma maganinsa sanda.

A tashar garinmu akwai wani dattijo mai sayar da abinci, tun ina yaro yake nan. Shi ke soya kaza da ƙwai, shi ke tuƙa tuwon da direbobi da 'yan kamasho ke ci, a gidansa akwai mata da 'ya'ya, da jikoki ma. Kowa ya san ɗan daudu ne, kuma a da iyakar abin a yi masa ba'a ya mayar da wadda ta fi ta zafi, a watse. Yanzu yara 'yan firamare ne ke tsayawa daga nesa suna kwaikwayon muryar da suka ji a waya, suna kiransa amaryar Alhaji, wani ya jefo ɓawon rake, wani dutse. Na ga ya sa murfin tukunya ya kare man da ke kan wuta don kada ya fallatsa wa yaron da ke masa wanke-wanke. Bai ce musu uffan ba. Manyan da ke zaune a benci, waɗanda tuwonsa ne a gabansu, su ma ba su ce komai ba, wasu har murmushi suke.

Za a ce ai wasa ne, marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya fito a ɗan daudu kuma duniya ba ta tashi ba. Ibro ɗan Ɗanlasan ne, ya san 'yan daudun tasha da kasuwa, abin da ya kwaikwaya shi ne bakinsu da habaicinsu da iya zancensu. Ko shi ɗin akwai abin cewa, amma wasan da ke ƙarewa da habaici daban yake da wanda ke ƙarewa da taron dangi a kan mutum ɗaya.

Masu cewa addini suke karewa su ne suka fi ba ni haushi, domin addinin ya fi su sanin ya kamata. Hadisin da ya tsine wa namiji mai kwaikwayon mata sananne ne, ba wanda ke musunsa. Amma malamai irin su Imam Nawawi sun raba tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda ba shi da laifi a kan halittarsa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a zaure ya san da bayanin gadon mata-maza littafin ya rufe. Malaman fiƙihu sun zauna sun yi wa mutum lissafin rabonsa na gado, ba su ce a fito masa da gora ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Ko a inda ake ganin an yi laifi, akwai alƙali, akwai shaidu, akwai ƙa'ida. Kano da Jigawa sun ƙaddamar da shari'a tun 2000, Najeriya kuma tana da dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Ko ka so waɗannan dokoki ko ka ƙi su, babu sashe ɗaya a cikinsu da ya miƙa hukunci ga samarin unguwa. Fim ne ya miƙa musu.

A watan Agustan 2024 aka tsinci gawar wata mai sauya jinsi da ta yi suna a TikTok, wadda aka fi sani da Abuja Area Mama, a gefen titi a Abuja. Ban ce fim ne ya kashe ta ba. Abin da na karanta a ƙarƙashin labarin ne ya tayar mini da hankali: mutane masu sunayen Musulmi suna dariya, suna cewa Allah ya ƙara. An kashe rai, an yar da gawa a titi. Zuciyar da ta ga haka ta yi dariya ba rana ɗaya ta bushe ba, an daɗe ana koya mata cewa dukan irin wannan mutum shi ne wurin tafi.

Akwai kuma wata ƙarya a cikin labarin soyayyar kansa da ba a son a taɓa. A fim kullum Alhaji bai sani ba. A zahiri duk wanda ya zauna a tasha ko ya san bayan kasuwa ya san masu zuwa da daddare sun san inda suke zuwa, kuma da yawansu su ne masu ɗaga murya da rana. Labarin yaudara yana yi musu amfani. Yana wanke mai kuɗi da mai rawani, ya jibga laifin duka a kan wanda ba shi da kowa. Shi ya sa ban yarda cewa waɗannan bidiyo suna yaƙi da ɓarna ba. Rufa mata asiri suke yi.

'Yan ƙungiyoyin waje da ke ganin maganin abin shi ne a kawo mana tutoci da taken da aka rubuta a Landan ba su san ƙauyen nan ba, kuma surutunsu kan ƙara jawo wa mutanen tasha bala'i ne kawai.

Abin da nake nema bai kai haka wahala ba. In hukuma za ta tace, ta fara da wurin da ake taruwa a kan mutum ana duka ana kiɗa a bayan fage, ko wane ne shi, ɓarawo ko mahaukaci ko ɗan daudu. Marubutan Kannywood kuma, waɗanda suka iya sa mu kuka a kan kishiya da marainiya, su gwada rubuta mai abincin tasha a matsayin mutum mai haya da bashi da 'yar da zai aurar. Limamanmu na karkara su ware huɗuba ɗaya a kan izgili da ɗaukar doka a hannu. Masu caji da ke zuba wa yara waɗannan bidiyo, yawancinsu a tasha suke cin abincin rana, sun san sarai hannun wa ke zuba musu miya.