Mata a fim ɗin 'yan sanda: mu dai kuka kawai muke ba su

Nan Kumasi, a Aboabo da Asawase, in dare ya yi kusan ko wane gida na Zango ko dai Arewa24 ko YouTube a waya, finafinan gida muke bi kamar muna Kano. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne in an zo labarin laifi, kisa ko garkuwa da mutane ko safarar ƙwaya, rawar da ake ba mace ba ta cika wuce uku ba, ko ita aka sace, ko ita ce uwar da ke zaune kan tabarma ta rafka tagumi tana Innalillahi, ko kishiya ce ta lallaɓa wurin boka. In ma an sa mata kaki to tana tsaye ne bayan DPO riƙe da fayil, ta sara masa ta ce to ranka ya daɗe, shikenan aikinta ya ƙare.

Alhali a ƙasar nan mace ta taɓa riƙe CID ɗin Ghana, wato sashen binciken laifuka na 'yan sanda, ɗungurungum, Maame Yaa Tiwaa Addo-Danquah, manyan maza na sara mata. Kuma ba sai an zo Ghana ba, Kano ma ai akwai 'yan sanda mata, akwai lauyoyi da alƙalai mata, har Hisba tana da mata. Ashe ba a gari aka rasa su ba, a takardar marubuci aka rasa.

Ku dubi Sola Sobowale a King of Boys, fim ɗin Kemi Adetiba na 2018 da ya dawo mai dogon zango a Netflix a 2021, dattijuwa ce fa da goggoro amma ita ke juya 'yan daban Legas, in ta yi tsawa ɗaya kai da ke kallo sai ka gyara zama. Wallahi muna da masu iya wannan a Kannywood.

Sai dai laifin ba na daraktoci ba ne kaɗai, mu 'yan kallo ma da namu. Namiji ya fito a ɗan fashi mu ce kai gayen nan ya iya aktin, mace ta fito a dillaliyar ƙwaya sai a bi ta Instagram da zagi, a ce dama halinta ne, wa zai aure ta, har iyayenta a sako ciki. Wata Hajiya maƙwabciyarmu mai sayar da waake sai da ta rantse min wata 'yar fim muguwa ce tun asali, wai daga idonta ta gane. To wace yarinya ce za ta karɓi irin wannan rawar tana ji tana gani?